Sunan da ya riga ranar suna fita

Shekarun baya, lokacin da matata ke da cikin ɗiyarmu ta fari, na tsunduma cikin wani karatu da ba wanda ya aike ni. Ina koyar da lissafi a kolej nan Matamaye, in an tashi lakwal, wato makaranta, kuwa ba ni da wani aiki sai zaman fada da shan shayi. Sai wani abokina da muka yi jami'a tare a Damagaram, wanda ya koma Yamai yana aikin rubuta manhajar ordinata, wato kwamfuta, ya buɗe ɗan guruf a waya. Ya ce zai riƙa koya wa mutanen gida abin da ake kira bulokcen, da irin kwangilar da ake rubutawa a kanta. Bai tambaye ni ba, na dai wayi gari na ga kaina a ciki.

Ga wanda bai taɓa jin labarin ba, ga yadda ya fara yi mana bayani. Bulokcen wani ma'aji ne da ordinatoci masu ɗimbin yawa a faɗin duniya ke riƙe da irinsa sak, kowa da nasa kwafi, shi ya sa ba mai iya zuwa shi kaɗai ya goge abin da aka zuba. Kwangilar kuma ɗan umarni ne da kake rubutawa, ka ce in kaza ya faru a yi kaza. In ka tura ta can, ita za ta zartar da kanta, ba sai wani ya sa hannu ba. Turawa na ce mata kwangila mai wayo.

Tambayata ta farko ke nan. Na ce wayon me take da shi? Abokina ya turo murya yana dariya, ya ce ko kaɗan ba ta da wayo, ta fi jaki taurin kai. Abin da ka rubuta shi za ta yi, ko da kuskure ka rubuta, kuma ba za ta taɓa tsayawa ta ce maka anya kuwa ba.

Daga nan na zama sarkin tambaya. Na ce in kuran ya ɗauke a Matamaye, kwangilata ta tsaya ke nan? Ya ce a'a, ba a ordinatarka take zaune ba, kai ne dai ba ka iya leƙa ta har wuta ta dawo. Na ce to wa ke da ita, gwamnatin wace ƙasa? Ya ce ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce. Wannan amsar ban gamsu da ita ba a ranar, na dai bar shi. Da ya zo kan abin da ake kira gaz, wato ladan da ake ba masu ordinatocin don aikin da suke yi maka, na tambaya da gaskiyata ko da gaz ɗin girki injinan suke aiki. Ranar guruf ya kusa fashewa.

Wadda ta fi kowa dariya taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar babana. Tana karatun ordinata a jami'ar Damagaram, ta girme mu duka a wannan fanni ko da yake ni na girme ta da shekaru. Ba ta taɓa barin damar tsokanata ta wuce. Ta rubuta, da lakabin da ƴan lakwal ke kiran malami da shi: "Mushe, in butelin gaz ɗinka ya ƙare ka faɗa, in aiko maka da gawayi." Har gida labarin ya kai. Da sallah da muka haɗu, tun daga zaure take kirana mai gaz.

Na yi dariya kamar kowa, amma abin ya ɗan taɓa ni. Ni da yara ke miƙewa tsaye in na shiga aji. Daga ranar na fara tace tambayoyina. Wadda na ga tana da kwarjini sai in tura, wadda na ga kamar ta yara ce sai in haɗiye in ce zan gane da kaina.

Ana cikin haka abokina ya ce kowa ya ƙirƙiro ƙaramar kwangila tasa, daga farko har ƙarshe, ya tura ta kan sarƙar gwaji. Ita sarƙar gwaji irin ta gaskiyar ce a komi, sai dai kuɗin cikinta na wasa ne, an yi ta don masu koyo. Wasu suka ce za su yi ta zaɓe, wasu ta adashi. Ni ina ta neman abin da ba wanda ya yi, sai Allah ya sauki matata lafiya, muka samu ɗiya mace.

Tun kafin haihuwa ni da matata mun gama magana cewa in mace ce sunan gwaggona ta Tsauni za a sa mata. Yayar babana ce. Wurinta aka kai ni yaye, sai mahaifiyata ta kwanta doguwar jinya, zaman da aka ce na ɗan lokaci ne ya zarce har na isa shiga lakwal. Gwaggo ba ta taɓa samun ɗan da ya rayu ba. Abin da na fara sani a duniya bayanta ne da warin hayaƙin ɗakinta, da guntun rake da take fere mani in ta dawo daga fadama. Da aka miƙo mani jaririyar a gidan su matata, inda ta je haihuwa, da sunan Gwaggo na yi mata huɗuba a kunne.

Sai dai akwai Inna, mahaifiyata. Jikokinta na wajen yayyena duk maza ne. Tun cikin yana ƙarami, in ta ga matata ta wuce sai ta ce, kamar da wasa, Allah ya kawo takwarata. Da aka ce mata mace ce, da kanta ta je kasuwa ta zaɓo ƴan kunne. Kullum na je duba mai jego sai matata ta rage murya ta ce, "Mushe, ka gaya wa Inna kuwa?" Ni kuma in ce ina neman lokacin da ya dace. Gidan ya cika da ƴan barka, lokacin da ya dace ya ƙi zuwa, ni ma dai ban matsa wajen nemansa ba.

Lokacin zama gaban ordinata kuwa na same shi. Dabara ta faɗo mani a kan kabu-kabu ina dawowa daga lakwal: in rubuta kwangilar da za ta riƙe sunan jaririya a rufe, ba za ta faɗa wa kowa ba sai safiyar suna. Duk wanda ya tambaye ta kafin lokacin sai ta ce masa ya yi haƙuri. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ga al'ada, ga zamani, ga kuma abin da ba wanda ya yi tunaninsa a guruf.

A harshen da ake rubuta kwangilar, duk abin da ka ajiye kana iya yi masa alama da ɗaya daga cikin wasu kalmomi. Ɗaya ma'anarta "na kowa", wata kuma ma'anarta "na sirri". Na sa wa sunan ta biyun. Na tuna sarai hannuna ya ɗan tsaya a wurin. Wata tambaya ta taso mani: in ordinatocin duniya duka suna riƙe da kwafin abin nan, sirrin daga wa aka ɓoye shi? Har na buɗe guruf zan rubuta, sai na ga taubashiyata tana kan layi. Na rufe. Na ce ai kalmar ta faɗi ma'anarta da kanta, me ya rage a tambaya?

Na gwada, na tambayi kwangilar suna, ta ce in yi haƙuri. Na tura ta, na ɗauki adireshinta na zuba a guruf, na ƙara da cika baki. Na ce duk wanda ya isa ya fito da sunan nan kafin ranar suna, shayin wata guda a kaina. Abokina bai gani ba, ya yi tafiyar aiki inda ba rezon waya sosai. Na rufe ordinata na tafi sallar la'asar ina jin kaina wani babba.

Washegari da rana na dawo daga aji na tarar da tsakar gidanmu cike da mata. Maƙwabta sun zo taya Inna aikin suna, wasu na surfe, wasu na tsince shinkafa. Ina cire takalmi ke nan sai muka ji guɗa daga zaure, doguwa, irin wadda ba a yi sai abu ya kai abu. Gwaggo ce ta shigo. Mayafinta ya zame ba ta ma sani ba, bayanta mai amalanke na janye da wani farin rago, ga damin rake a kafaɗarsa. Na san ragon. Shi kaɗai gare ta, tun yana ɗan ƙarami take kiwonsa a ƙofar ɗakinta.

Ba ta bi ta kaina ba. Wajen Inna ta nufa kai tsaye, ta riƙe hannayenta biyu, hawaye na zuba. Ta ce, "Allah ya saka maki da alheri. Da aka ce mani an yi mani takwara, na ce wannan ba aikin yaro ba ne. Na san ba zai yi ba sai da yawunki."

Taɓarya ta tsaya. Duk matan suka juyo suna kallon Inna. Ni kuwa ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu.

Inna ba ta ko ƙifta ido ba. Ta yi murmushi, ta ce, "Haba Yaya, in ba a sa sunanki ba na wa za a sa? Zauna ki sha ruwa." Matan suka ɗauki guɗa, aka shimfiɗa tabarma, aka ja ragon bayan gida. Da Inna ta juya za ta ɗauko kwanon ruwa sai idonta ya sauka a kaina. Kallo ɗaya ta yi mani, gajere, ta wuce. Na gwammace a ce mari ne.

Na fita waje na kira taubashiyata. Tana ɗauka ta fara dariya, ta ce shayin wata guda, kuma da madara take so. Na ce yaya aka yi? Ta ce ai ko wahala ba ta sha ba. Akwai shafin da ke nuna duk abin da aka tura kan sarƙar, ta buɗe saƙon da na kafa kwangilar da shi, ta ga jerin lambobi, ta mayar da su haruffa, ga suna ɓaro-ɓaro. Murna ta kama ta, ta kira mahaifiyarta, mahaifiyarta kuma ta kira yayarta a Tsauni. Na ce mata Inna fa ba ta sani ba.

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Wace Inna? Innarka? Yaya, ka sa sunan a duniya ba ka gaya wa Inna ba?" Ranar ce farkon da ta taɓa ce mani yaya. Ta shiga ba ni haƙuri. Na ce ba laifinta, ni na ce a nema.

Na yi ta neman abokina har na same shi. Ban ko gaishe shi da kyau ba na ce yaya ake goge kwangila. Ya ce ba a gogewa. Na ce to yaya ake gyara abin da ke ciki. Ya ce in ba ka bar mata ƙofar gyara tun farko ba, ba a gyarawa, in ma ka bari, tsohon rubutun na nan a tarihi ga mai son gani. Kana iya tura sabuwa, amma tsohuwar na nan daram. Da na ba shi labari sai da ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya yi mani bayani. Ya ce waccan kalmar ba ta nufin mutane ba za su gani ba. Abin da take hanawa kawai, wata kwangilar ta miƙo hannu ta ɗauka kai tsaye. Amma duk abin da ka zuba a bulokcen tamkar ka rubuta shi a bangon tasha ne.

Ya ce, "Me ya hana ka tambaya? Kai da ka tambayi gaz ɗin girki?"

Na ce shi ya hana ni.

Sai ya ce, "To ka ga, ko da ana gogewa, me zai amfane ka? Gwaggo ta riga ta ji, Inna ta riga ta ji. Wannan ba matsalar ordinata ba ce, abokina. Ban da maganinta a nan."

Da yamma na je wajen matata. Tana zaune a bakin gado da kwanon kunun kanwa, labari ya riga ni isa. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake na ga maganar ta zo mata har baki. Cewa ta yi, "Kowa ka kira a waya yau, saura mutum ɗaya, ita kuma ba ta bukatar waya."

Samun Inna ita kaɗai ya yi wuya. A ɗakinta Gwaggo ta sauka, tare suke ci, tare suke karɓar baƙi. In na gaishe ta sai ta amsa lafiya lau, ba ƙari. Tuwona da ta saba miƙo mani da hannunta sai na riƙa tarar da shi a rufe a ƙofar ɗaki. Gwaggo kuwa duk inda ta gan ni sai ta shafa kaina ta sa albarka, ni kuma kowace albarka sai in ji ta kamar an ƙara mani kaya.

Sai ana gobe suna da hantsi, Gwaggo ta tafi ganin jaririya, na leƙa bayan gida na tarar da Inna tana zuba wa ragon harawa. Na durƙusa. Na ce Inna na yi laifi. Ba ta juyo ba. Na ce in tana so, tunda ba a raɗa a bainar jama'a ba, zan je in samu liman a canja, a sa nata.

Nan ta juyo. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci kamar lokacin ba.

"Ka canja? Tsohuwa ta kwance ragonta ɗaya tilo ta taho da shi tun daga Tsauni tana guɗa a hanya, ka ce za ka canja? Wato ka gama da ni, yanzu ita ce ta rage?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kai kana ganin sunan ne ya dame ni. Na so, ba zan yi maka ƙarya ba. Wace ce ba ta so? Amma a ce mutanen Yamai sun sani, mutanen Damagaram sun sani, na'ura ma ta sani, ni da muke kwana gida ɗaya sai a gaban maƙwabta zan ji? In da fuskata ta nuna fa? Da wane ido zan dubi baiwar Allah nan?"

Na ce tsoro na ji, kada ranta ya ɓaci.

"To yanzu daɗi ya yi."

Ta juya ta ci gaba da warware harawa. Na ɗauka ta gama, har na fara tunanin tashi, sai ta ja wani tsohon turmi da ke kife ta zauna. Muryarta ta sauka.

Ta ce ranar da suka je ɗauko ni daga Tsauni don a sa ni lakwal, ita da babana, Gwaggo ba ta yi ko tari ba. Ta yi mani wanka, ta ɗaure ƴan kayana a tsumma, ta rako mu bakin hanya tana ta ba'a da direba. Da motar ta tashi, Inna ta waiwaya ta bayan mota, ta ga Gwaggo ta zauna a ƙasa, a tsakiyar turɓaya, ta ɗora hannu biyu a ka. Babana bai gani ba, ni ma ban gani ba, ina ta murnar shiga mota. Inna ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Ɗana ne, dole in ɗauko abina. Amma tun ranar in muka haɗu ban san abin da zan ce mata ba. Gaisuwa kawai. Da ka zo ka same ni ka ce Inna ga abin da nake so, da na yi fushina na yini ɗaya a ɗaki, ba wanda ya sani. Sannan in shiga mota da ƙafata in je Tsauni in gaya mata da bakina. Wannan ka hana ni."

Idona ya cika, na yi ta kallon ƙasa. Ragon ya miƙo kai yana jan gefen rigata, Inna ta buge masa baki. Ta ce in tashi in je in ji ko an kawo goro da dabino, kada gobe a ji kunya. Na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce tunda ba mai iya kiran sunan Gwaggo gatsau a gidan nan, ita za ta zaɓi abin da za a riƙa kiran yarinya, kuma ba ta son shawarar kowa, har da na'ura. Da rana ita ta miƙo mani tuwo da hannunta.

Safiyar suna aka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka faɗi suna. Mutane suka yi ta Allah ya raya kamar yanzu suka fara ji, alhali har mai shayin bakin tasha ya sani. Ana rabon goro na zaro waya a ɓoye na tambayi kwangilata. A karon farko ba ta ce in yi haƙuri ba, ta faɗi sunan, daidai lokacin da na sa mata. Ni kaɗai na duba a duk duniya. Na ji wani ɗan daɗi duk da haka, ba zan ɓoye maku ba.

Bayan kwana biyu abokina ya mayar da abin darasi a guruf, da izinina. Ya ce ɓangaren lokaci na yi shi daidai. Sannan ya nuna mana yadda ake yi in ana son a riƙe sirri: ba a tura abin kansa. Ana haɗa shi da wata doguwar kalma da kai kaɗai ka sani, a markaɗa su su zama lambar da ba a iya mayar da ita baya, ita ake turawa. Ranar buɗewa sai ka kawo abin da kalmar, kwangila ta sake markaɗawa, in lambar ta yi daidai kowa ya shaida ba ka canja ba. Ni malamin lissafi ne, wannan ya shige ni nan take, har na ji haushin sauƙinsa. A ranar mutum uku suka fito suka ce su ma haka suka fahimci kalmar nan kamar yadda na fahimce ta, kowa ya yi shiru ne yana jiran wani ya tambaya. Taubashiyata ta sha shayinta da madara, amma ba ta sake ce mani mai gaz ba. Ni na riƙa tuna mata.

Kafin Gwaggo ta koma Tsauni ta ce in nuna mata wurin da aka ce an rubuta sunanta. Ba ta karatun boko. Na buɗe shafin, na nuna mata jerin lambobin da yatsa. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce an ce ba ya gogewa? Na ce haka aka ce. Ta ce ko bayan raina? Na ce ko bayan ranki, Gwaggo. Ta gyaɗa kai, ta goge gilashin da bakin zanenta ta miƙo mani.

Daga baya masu kula da waccan sarƙar gwaji suka rufe ta suka buɗe wata, kamar yadda ake yi wa sarƙoƙin gwaji. Wata rana na nemi kwangilar na rasa. Ashe wannan ma tambaya ce da ban yi ba. Gwaggo na nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, har yanzu in baƙo ya je sai ta ba shi labarin sunanta da ke rubuce inda ba ya gogewa. Ban gyara mata ba, ba ni kuma da niyya.

Har yau ina koyar da lissafina, ina kuma ɗan taɓa aikin kwangila in abokina ya turo. Guruf ɗin ya girma, yanzu ni ke amsa wa sababbin shiga. Tambayoyin ba su canja ba: ina take zaune, wa ke da ita, ana gyarawa, me ya sa ake biyan gaz, sai na iya lissafi kafin in fara? In wani ya fara da ku yi haƙuri tambayata ta wauta ce, shi nake fara amsa wa, kuma nakan amsa da tsawo. A aji ma na rage haɗe rai in yaro ya tambayi abin da na gama faɗa yanzu. Na ga abin da tambaya ɗaya da aka haɗiye ta jawo, na kuma ga wadda ta fi ta wuya ba a guruf ma take ba, a tsakar gidanmu take, ina wuce ta safe da yamma.

In na tuna abin yanzu dariya yake ba ni, sai dai wani lokaci dariyar takan tsaya a wajen turmin nan. Da ban yi waccan wautar ba, ban sani ba ko Inna za ta taɓa gaya mani abin da ta gani ta bayan mota. Yanzu duk hutun lakwal ita ke ɗaukar yarinyar su tafi Tsauni, su yi kwanaki, su dawo da rake da labarai. Tsofaffin biyu da a da ba sa wuce gaisuwa, yau sai an yi da gaske ake raba su hira.

Kwanan baya muna zaune a tsakar gida, Inna na yi wa yarinyar kitso, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, me ya sa aka sa mani sunan Gwaggo ba na Inna ba?" Na buɗe baki ina neman ta inda zan fara. Inna ta mayar da kan yarinyar ƙasa, ta ci gaba da tsaga.

Ta ce, "Ni na zaɓa."

Ta dube ni ta gefen ido. Na ce haka ne.